Yadda Ake Neman Diyyar Rauni a Wurin Aiki daga NSITF Ba Tare da Fayil Ya Maƙale Ba

Tambayar nan ta daɗe tana zuwa, daga ma'aikatan masana'antun Sharaɗa da Bompai da Kakuri, daga direbobin kamfani da masu gadi, har da masu ƙananan kamfanonin da ba su wuce ma'aikata goma ko ashirin ba. Idan inji ya datse wa mutum yatsu, ko ya faɗo daga saman gini, ko mota ta buge shi a hanyar zuwa aiki, ta ina ake bi a karɓi diyya? Me ya sa wani ke samun tasa ba dogon jira, wani kuma fayil ɗinsa ya shekara ana ce masa ya je ya dawo?

Dokar da ta tanadi wannan a Najeriya ita ce Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, kuma hukumar NSITF, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, ita ke karɓar kuɗin, ita ke biyan diyyar. Ba na cewa ofis ba ya jinkiri. Amma kaso mai tsoka na jinkirin tun daga wurin aiki ake ɗauko shi: ba a yi rajista ba, ba a rubuta komai ranar da abin ya faru ba, an wuce wajen mai ɗori ba a biya ta asibiti ba, sunan da ke katin asibiti daban da na jerin albashi. Waɗannan duk a hannunmu suke. Ga yadda ake bi, ga ma'aikaci da iyalinsa, da kuma mai kamfani.

1. Rajista, tun kowa na lafiya

Tun ran gini ran zane. Wannan matakin a wuyan mai kamfani yake. Dokar ta hau kan duk wanda ya ɗauki ma'aikaci, gwamnati ce ko ɗan kasuwa, kuma ba ta ce sai mai takardar ɗaukar aiki ba. Ma'aikacin dindindin, na wucin gadi, lebura mai karɓar kuɗin yini, ɗan koyo, har mai aikin gida wanda ba ɗan gidan ba, duk sun shiga, ko da baki aka ƙulla yarjejeniyar. Sojoji masu kaki ne aka ware.

Mai kamfani zai je reshen NSITF mafi kusa da takardar rajistar kamfaninsa ta CAC, ya cike fom, ya haɗa da jerin sunayen ma'aikata da albashin kowa. Za a ba shi lambar rajista. Daga nan sai ya riƙa biyan aƙalla kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin wata. A ce kana da ma'aikata 20, kowa na ɗaukar mafi ƙarancin albashi, ₦70,000. Jimilla ₦1,400,000 ke nan, abin da za ka biya ₦14,000 a wata, wato ₦700 a kan kowane mutum. Ta Remita, manhajar biyan kuɗin gwamnati, ake biya, kuma kowane rasit a adana shi. Wanda ke neman kwangilar gwamnatin tarayya ya riga ya san ana tambayar takardar shaidar NSITF, to abin da ya rage masa shi ne ya tabbatar jerin sunayen da ya miƙa na gaskiya ne.

Kai kuma ma'aikaci, ka tambaya. Ba rashin kunya ba ne ka ce wa mai kula da ma'aikata, "Yallaɓai, muna da rajista da NSITF? Sunana na ciki?" In kana jin nauyi, wakilin ƙungiyarku ya tambaya a madadin kowa, ya karɓo lambar rajistar ku rubuta ku ajiye.

Akwai ƙaramin aikin da na fi son in ga kowane kamfani ya yi a wannan matakin, don shi ke rage wahala daga baya fiye da komai. A buɗe wa kowane ma'aikaci ambulan guda, a sa kwafin NIN ɗinsa, hoton fasfo, takardar ɗaukar aiki, lambar asusun banki, adireshin gidan da yake kwana, da sunayen mata da 'ya'ya da duk wanda yake ciyarwa. Sau ɗaya a shekara a duba, a ƙara wanda aka haifa, a gyara adireshin wanda ya tashi.

*Gargaɗi:* Kuɗin nan ba a cire shi daga albashin ma'aikaci. Sashe na 14 na dokar ya hana, kai tsaye ne ko ta bayan fage. Idan ka ga an rubuta NSITF cikin abubuwan da aka cire maka a takardar albashi, ka kai ƙorafi.

*Gargaɗi ga mai kamfani:* Kada ka rubuta albashin tushe kaɗai don ka rage abin biya. A wurin dokar, alawus na gida da na sufuri da na abinci duk suna cikin albashi, kuma da albashi ake lissafin diyya. Ranar da abu ya faru, in takardar albashi ta ce ₦120,000, jerin da ke hannun hukuma ya ce ₦60,000, fayil ya tsaya ke nan har a warware. Haka sabon ma'aikaci: a shigar da shi a watan da ya fara, domin sababbi su suka fi jin rauni, ba su gama sanin inji ba. In kuma ta hannun ɗan kwangila kake samun leburori, ka nemi rasit ɗinsa na NSITF, don dokar ta haɗa ku biyu a alhakin biyan kuɗin hukumar na aikin da aka yi a wurinka.

2. Ranar da abin ya faru: asibiti tukuna

Rai ake fara ceta, takarda ta biyo baya. Amma a kai shi asibitin da ke da likita mai rajista, inda za a yanki kati a rubuta kwanan wata. Rahoton likita shi ne ginshiƙin fayil ɗin gaba ɗaya, kuma abin da aka rubuta a ranar farko shi ake komawa a duba.

Saboda haka in likita ko nas ta ce, "Me ya same ka?", kada a ce, "Ciwo na ji." A faɗi yadda abin ya faru: "Injin niƙa roba ne ya kama mini hannun dama a wurin aiki, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar yau." In mai raunin ba ya iya magana, wanda ya raka shi ya faɗa, ya kuma roƙi a rubuta cewa a bakin aiki ne. Sannan ya leƙa katin ya ga yadda aka rubuta sunan. A cikin ruɗewa abokin aiki kan ba da sunan da ake kiran mutum da shi a masana'anta, Ɗanlami ko Babangida, alhali a NIN da jerin albashi sunan yanka ne. A gyara nan take, kafin a buɗe fayil da shi.

Wani daga cikin abokan aiki kuma ya tsaya a wurin da waya. Ya ɗauki hoton injin ko tsanin ko inda aka zame kafin a share a gyara, ya ɗauki hoton raunin, ya rubuta sunaye da lambobin mutum biyu ko uku da suka gani da idonsu. Leburori ba sa daɗewa a wuri ɗaya. Bayan wata uku mai shaidar nan ƙila ya koma garinsu noma.

In haɗarin hanya ne, a samo rahoton 'yan sanda ko na Hukumar Kiyaye Haɗurra, a rubuta lambar motar. Mutane da yawa ba su san wannan ba: sashe na 7 ya haɗa da haɗarin da ya samu ma'aikaci tsakanin wurin aiki da gidansa, ko inda ya saba cin abinci, ko inda ya saba karɓar albashi, da sharaɗin wanda ya ɗauke shi aiki ya san da wurin tun kafin nan. Amfanin adireshin nan da na ce a sa a ambulan ke nan.

*Gargaɗi kan ɗori:* Na san yadda muke da karaya. Ana jin ƙashi ya karye sai a ce a kai shi wajen mai ɗori, wani ma tsoron asibiti yake kada a yanke ƙafar. Ba gardamar wa ya fi iyawa nake yi ba. Magana ɗaya ce: mai ɗori ba ya ba da rahoton da hukuma za ta karɓa, ba shi da hoton ƙashi, ba shi da rasit. In ƙafar ta warke a karkace, bayan wata shida ka je asibiti, likita zai rubuta tsohuwar karaya ce, ba zai iya shaida ranar da ta faru ko inda ta faru ba. A fara da asibiti, a ɗauki hoto, a buɗe fayil. Wanda ke Kano da kewaye, ga Asibitin Ƙashi na Dala.

*Gargaɗi:* In wani shugaban aiki ya ce ka faɗa wa likita a gida ka ji ciwon, kamfani zai kula da kai, kada ka yarda. Kalmar nan guda da za a rubuta a kati tana iya rushe neman diyyar baki ɗaya.

Rasit kuma, kowanne a riƙe: na kati, na hoto, na gwaji, na tiyata, na magani. In a kemis aka sayi magani, a sa su rubuta rasit da sunan mai raunin, a maƙala shi da takardar da likita ya rubuta maganin. Rasit ɗin da na'ura ke bugawa yana goge rubutunsa cikin 'yan watanni, a yi masa fotokwafi a makon.

3. Sanar da mai aiki a rubuce cikin kwana 14

Sashe na 4 ya ba ma'aikaci kwana 14 ya sanar da mai aiki, wato wanda ya ɗauke shi aiki, ta hannun manaja ko shugaban aiki ko mai kula da taimakon gaggawa. In ma'aikacin ya rasu, wanda yake ƙarƙashin kulawarsa ne zai sanar. Abu uku ake buƙata: sunan ma'aikaci, lokaci da wurin da abin ya faru, da bayanin raunin da musabbabinsa cikin magana ta yau da kullum.

Za ka ce ai a gaban manaja abin ya faru, shi ma ya sa aka kira mota. Gaskiya ne, kuma dokar tana sassauci idan an tabbatar mai aikin ya sani. Amma tabbatarwar ita ke cin watanni, musamman in an canza manajan. Layi huɗu sun wadatar:

"Ranka ya daɗe, ni wane, ma'aikaci a sashen kaza, ina sanar da kamfani cewa ranar kaza ga watan kaza, da ƙarfe kaza, injin kaza ya kama mini hannun dama ina bakin aiki. An kai ni asibiti kaza, lambar katina kaza. Wane da wane suna wurin. Ina roƙon a kai rahoto NSITF kamar yadda doka ta tanada."

In da Turanci ake aiki a ofishinku, a sa wani ya juya ta. A yi kwafi biyu, a miƙa ɗaya, ɗayan a buga masa tambarin karɓa da kwanan wata da sa hannu, a dawo da shi gida. In sun ƙi sa hannu, a ɗauki hoton takardar a tura wa manaja ta WhatsApp ko imel, kada a goge saƙon. Mai kwance a gadon asibiti ba sai ya jira sallama ba. Ɗan'uwansa ko matarsa ko wakilin ƙungiya na iya kaiwa.

4. Mai aiki ya kai rahoto cikin kwana 7

Sashe na 5 ya ɗora wa mai aiki ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, a kan fom ɗinta. In rasuwa ce, nan take. Ƙin kai rahoton laifi ne. Masana'anta kuma tana da ƙarin wajibi a ƙarƙashin Dokar Masana'antu: ta sanar da sufeton Ma'aikatar Ƙwadago duk haɗarin da ya kashe mutum ko ya hana shi aiki fiye da kwana uku.

Masu kamfani da yawa kan ɓoye haɗari saboda tsoron kada a ce laifinsu ne, a ɗora musu miliyoyi. Alhaji, ka saurara: tsarin nan ba na neman mai laifi ba ne. Ma'aikaci ba sai ya tabbatar da sakacinka ba kafin a biya shi, kuma daga asusun da kake zuba kuɗi duk wata za a biya. In ka ɗauki nauyin asibiti da farko, kana iya miƙa rasit ka nemi a maido maka. Ɓoyewar ita ke jawo maka asara, don ka biya hukuma kashi ɗaya, ka kuma dawo kana biyan magani daga aljihu.

Abin da ke sa wannan matakin ya tafi daidai: a ajiye littafin haɗurra guda a ofis, duk raunin da aka ji a rubuta ko ƙarami ne. A ware mutum ɗaya da sunansa wanda aikin NSITF ke wuyansa, da mataimaki in ba ya nan. A karɓo fom ɗin sanarwa da na rahoton likita a ajiye tun babu abin da ya faru, a riƙe lambar wayar jami'in da ke kula da kamfaninku a reshe.

Ma'aikaci ya nemi ganin kwafin rahoton da tambarin hukuma a kai. In mako biyu ya wuce ana ta "ana kan yi", ka ɗauki takardarka ta mataki na 3 ka je reshen NSITF da kanka, ka kuma sanar da ofishin Ma'aikatar Ƙwadago na jiharku. Haka za a yi in ta bayyana kamfanin bai taɓa rajista ba.

*Gargaɗi kan sulhun gida:* Sau da yawa bayan kwana biyu sai a zo dubiya da ambulan, a ce ga wannan a yi cefane, sai dai a sa hannu a nan cewa magana ta ƙare. Taimako a karɓa, a yi godiya. Sa hannun ne ba a yi. Sashe na 13 ya ce yarjejeniyar yafe haƙƙin diyya ba ta da ƙarfi a doka, ya kuma hana mai aiki ya yi amfani da barazana ko alkawari ko lallashi don hana kai rahoto. Duk da haka takardar in ta shiga fayil sai an ɓata lokaci ana bayaninta. Wasu kuma da kansu suke cewa ƙaddara ce, sun bar wa Allah. Ƙaddara ce, babu musu. Amma kuɗin nan an tara shi ne saboda irin wannan ranar, kuma mutumin da ya rasa hannu yana da shekara talatin, 'ya'yansa na da haƙƙin ci da karatu a kansa.

5. Haɗa fayil ya cika tun karon farko

Duk takardar da ta ɓace, tafiya ɗaya ce da jira ɗaya. Kafin a fara yawo, a je reshe a karɓi fom ɗin neman diyya, a roƙi jami'in ya rubuta jerin abin da ake so a irin wannan raunin. Abin da ba a rasa tambaya:

- fom ɗin neman diyya da sa hannun ma'aikaci
- rahoton likita a kan fom ɗin hukuma, da tambarin asibiti
- hoton ƙashi da sakamakon gwaje-gwaje
- rasit na asali na duk abin da aka kashe
- takardun albashi na watannin da suka gabaci haɗarin
- takardar ɗaukar aiki ko katin shaidar ma'aikaci
- NIN, hoton fasfo, da lambar asusun banki
- hotunan raunin da bayanin shaidu
- rahoton 'yan sanda, in haɗarin hanya ne

Sai a shimfiɗa su a tabarma a bi suna da kwanan wata ɗaya bayan ɗaya. Muhammad a nan, Mohammed a can, Mamman a katin asibiti. Ranar haihuwa a NIN daban da ta BVN. Rahoton kamfani ya ce Talata, na likita ya ce Laraba. A idonmu duk mutum ɗaya ne. A idon mai tantance fayil, wanda zai amsa tambaya in an biya wanda ba shi ba, mutum uku ne. Inda suna ya bambanta, a yi takardar rantsuwa a kotu a haɗa tun yanzu.

Kuɗin da za a kashe a nan: fotokwafi, hoton fasfo, takardar rantsuwa, kuɗin rahoton likita wanda kowane asibiti da nasa farashin, da kuɗin mota. Dokar ba ta ɗora wa ma'aikaci wani kaso da zai biya kafin a duba buƙatarsa ba.

6. Miƙawa, da wa'adin da ba a wasa da shi

Shekara ɗaya ce daga ranar raunin ko rasuwar, in ji sashe na 6. Hukuma na iya karɓa har cikin shekara 3 in ta gamsu akwai dalili na musamman da ya hana, amma wannan ganin damarta ne, kada a dogara da shi. Kuma ba sai an warke ake miƙawa ba. A shigar da buƙatar da rahoton farko, sauran rahotanni da rasit su biyo baya.

A yi kwafi uku: na hukuma, na kamfani, na gida. Na gidan a buga masa tambarin karɓa, a rubuta lambar fayil da sunan jami'in da ya karɓa. A ɗauki hoton kowane shafi a waya, a tura wa wani ɗan'uwa ko a ajiye a imel.

*Gargaɗi:* In wanda ya jawo haɗarin wani ne daga waje, misali direban wata mota ya buge ka kana kan aiken kamfani, sashe na 12 ya ba ka zaɓi: ko diyyar hukuma, ko ka kai shi kotu. In diyyar ka zaɓa, cikin wata 6 ake so ka nema. A irin wannan kada ka lissafa da shekara.

*Gargaɗi:* Duk wanda ya tare ka a bakin ƙofa ya ce yana da hanya a ciki, ka ba shi kaso in kuɗi ya fito, ka wuce shi. Takardunka na asali kuma kada su kwana a hannun kowa ba tare da shaidar karɓa ba.

7. Bibiya da gwajin naƙasa

Bayan miƙawa hukuma za ta bincika: tana iya zuwa wurin aikin, ta tuntuɓi asibiti, ta kira ma'aikacin likitocinta su auna girman naƙasar. Kada a canza layin wayar da aka rubuta a fom. Kada a ƙi zuwa ranar gwaji; in jiki ba zai bari ba, a sanar a rubuce a nemi wata rana. A wurin gwajin a faɗi gaskiya ba ƙari ba ragi. Mazanmu na da halin cewa "da sauƙi" ko suna mutuwa, to nan ba wurinsa ba ne. In hannun ba ya damƙar cokali, in ba ka iya durƙuso a salla, in tsayuwar minti goma na gagarar ka, ka faɗa.

A riƙe ƙaramin littafi: ranar da aka je, wanda aka gani, abin da ya ce. Tambayar da ke motsa fayil ita ce, "Yana teburin wa yanzu, kuma akwai abin da ya rage daga wajenmu?" In wata guda ya wuce ba labari, a rubuta takardar tunatarwa ga manajan reshe da lambar fayil a sama.

8. Sanin abin da ya kamata a biya

Wanda naƙasa ta hana shi aiki kwata-kwata har abada, kashi 90 cikin 100 na albashinsa ake biyansa duk wata. Mai ₦70,000 zai riƙa samun ₦63,000. Wanda naƙasar ta rage masa ƙarfi amma bai daina aiki ba, ana ƙiyasta abin da ya ragu na samunsa a biya kashi 90 na wannan. Biyan yana ci gaba har ya kai shekara 55, ko lokacin ritayarsa in hukuma ta gamsu ya wuce haka. Wanda ya riga ya kai 55 ranar raunin, aƙalla shekara 2 ne. Naƙasa ta ɗan lokaci da mummunan tabo na dindindin suna da nasu lissafin na dunƙule.

Ban da kuɗi, akwai magani da tiyata da sufuri zuwa asibiti, sandar dogarawa, ƙafa ko hannun roba, da taimakon koyon aikin da jiki zai iya. A nemi waɗannan a rubuce, da shawarar likita a haɗe.

Cutar da aiki ya jawo ita ma ana biyan ta: ƙurar dutse ko ta auduga a huhu, sinadaran jima, kurumcewa saboda ƙarar inji. Wahalarta ita ce babu ranar haɗari da za a nuna. Don haka likita ya rubuta irin aikin da kake yi, abin da kake shaƙa ko taɓawa, da tsawon shekarun da ka yi a kai, kuma ranar da aka faɗa maka sakamako ka fara ƙirga kwana 14 ɗinka.

9. Idan rasuwa ce

Nan ne aka fi asarar haƙƙi, don gida na cikin makoki, matar na takaba, babu mai tunanin ofis. A wakilta namiji ɗaya mai amana daga dangi tun ranar sadakar uku, aikinsa ke nan.

Abu na farko, kuma da gaggawa: muna binne mamaci a ranar, to kafin a ɗauke shi daga asibiti a tabbatar likita ya rubuta shaidar rasuwa da musabbabinta. In a wurin aiki ko a hanya ya cika, a samu rahoton 'yan sanda. Daga baya a karɓo takardar shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya. Sai shaidar aure, ko takardar rantsuwa in ba a rubuta auren ba, takardun haihuwar yara, shaidar makarantarsu, da NIN da asusun bankin matar da sunanta.

Sashe na 17 ya tsara biyan wata-wata. Matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye, kashi 90 na albashin mamacin. Da ɗa ɗaya, kashi 85. Wadda ba ta da ɗa kuma ta kai shekara 50, kashi 60. In ba ta kai ba, ana rage kashi ɗaya a kan kowace shekarar da ta rage mata ta kai 50, amma ba ya yin ƙasa da 30. Haka yake ga mijin da matarsa ma'aikaciya ta rasu. Yara ana biya har su kai shekara 21 ko su gama digirin farko, duk wanda ya riga zuwa.

*Gargaɗi:* A rubuta duk matan da duk 'ya'yan a fom ɗin farko, har da na matar da aka rabu da ita da cikin da ba a haifa ba. Sunan da aka ɓoye yau shi zai fito gobe da ƙorafi, a dakatar da biyan kowa. Kuma kada wani ƙanin mamaci ya ba da nasa asusun da sunan zai riƙa kai musu.

10. In an ƙi biya ko an biya ƙasa da ƙima

A nemi hukuncin a rubuce da dalilinsa. Sashe na 55 ya ba da kwana 180 daga ranar hukuncin a rubuta wa hukumar ta sake dubawa. Wanda ya bari wa'adin ya wuce ya rasa damar. A amsa dalilin da suka bayar kai tsaye: in sun ce babu shaidar a bakin aiki ne, a kawo takardar mataki na 3 da shaidu, in ƙimar naƙasa ce ta yi kaɗan, a kawo sabon rahoton ƙwararren likita. In har yanzu ba a gamsu ba, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke zama a Abuja da Kano da Kaduna da wasu jihohin. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya fara da ƙungiyarsa ta ƙwadago, ko ya je ofishin Hukumar Tallafin Shari'a ta ƙasa a jiharsa, domin dokarta ta 2011 ta sa ƙarar diyyar ma'aikata cikin abin da take taimaka wa marasa hali a kai. Ya tafi da kwafin gida na fayil ɗin, da takardar hukuncin, da littafin bibiyarsa.